Saƙon da Ya Bi ta Kan Rufin Dorcas

Turr Point, Labrador
11 ga Yuli, 1909

Zuwa ga yayata Ketura,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Josiah da yara. Ki gaishe mini da Mama, ki ce mata tarin ya sake ni, kada ta ƙara aiko da man kifi. A nan ba abin da ya fi shi yawa.

Yaya, akwai maganar da nake riƙe da ita wata guda ke nan, in ban faɗa wa wani ba za ta shaƙe ni. Ranar Litinin, bakwai ga Yuni, ina shanya a bayan gida, duniya ta canja mini.

Na taɓa rubuta miki cewa ɗakin wayar iska yana da ƙara, amma ban faɗi rabin abin ba. Duk sanda maigidana Hedley ya danna madannin aika saƙo, wani shuɗin tartsatsi yakan yi tsalle tsakanin ƙarafa biyu, ya fashe kamar ana yaga sabon yadi a cikin kunnenki. Har bakin ruwa ana jinsa. Saƙon da jirgin ruwa ya aiko masa, shi kaɗai yake ji a abin da yake ɗaurawa a kunne. Amma tasharmu ba ta kaiwa birni, sai ya sake buga shi ga tashar gaba, ita ma ta miƙa wa ta gabanta, har ya isa Montreal. Haka ma amsar da za ta koma jirgi. Kin ga ke nan duk abin da ya bi ta nan sai an faɗe shi da ƙarfi, a gaban kowa. Mutanen kamfanin wayar ba su damu ba, don a ganinsu masunta da matansu ba za su taɓa ganewa ba.

To da hunturu littattafaina goma sha ɗaya sun ƙare. Kowanne na karanta shi sau huɗu, har wanda ƙarshensa ya yage. A watan Maris, don rasa abin yi, na ɗauko littafin aikin Hedley. A shafin ƙarshe ga haruffa, kowanne da bugunsa, gajere da dogo. Na riƙa koyo da cokali a kan tebur in ya tafi aiki. Wasa nake yi kawai.

Ranar nan kuwa, rigarsa tana hannuna zan rataya, sai hayaniyar da na yi wata goma ina toshe wa kunne ta zama magana. Wani yana cewa: “Mama, na hango ƙasa. Kada ki yi kuka.” Na saki rigar ta faɗi a taɓo. Na zauna a kan dutse, ni ce na yi kukan.

Hedley bai sani ba. Kin san rantsuwar da ya yi a gaban alƙali kafin a ba shi lasin, cewa ba zai faɗa wa kowane mahaluki abin da ke cikin saƙo ba. Takardar tana rataye a saman teburinsa. Mutumin nan yakan yini da maganar ɗaruruwan mutane a kunnensa, ya shigo gida in ce, “Me aka ce yau, maigida?” ya ce, “Iska daga arewa maso gabas.” Ya ci abinci, ya shafa kaina, ya kwanta kunnensa na ƙugi. Ba mugunta ba ce. Sai dai na auri mutumin da duk duniya take yi wa magana, ni kuma babu mai yi mini.

Yanzu ina da jama'a. 'Yan kasuwa masu tambayar farashin alkama, amare, wani tsoho da ya manta haƙoransa a Liverpool. Wanki bai taɓa yi mini daɗi haka ba.

Abokiyar hira ɗaya nake da ita a ƙauyen, Dorcas Cull, mai gidan da ke can ƙasa kusa da rumfar shanya kifi. Ta girme ni da shekara goma sha biyu, 'ya'yanta uku. Mijinta Absalom ya tafi aikin jirgi shekara biyu da suka wuce, tun kafin mu zo, ta ce yana zuba gawayi a wani jirgin kwal. Ba ta iya karatu ba, don haka ina ba ta labarin littattafaina muna saƙar dardumar tsummoki. 'Yar Birni take kirana.

Ki ƙone wannan takarda in kin karanta. In da hali ki aiko mini da littafi, ko tsoho ne.

Ƙanwarki mai kewarki,
Selina

*

Harbour Grace
28 ga Yuli, 1909

Selina,

Mun sami wasiƙarki, muna lafiya. Mama ta ce tari ba ya sakin mutum ya ba shi sanarwa, ga kwalba nan ta sake aikowa.

Na ƙone takardar, da ma da ke zan iya haɗawa. Ke dai ba ki canja ba tun kina 'yar shekara tara, kina laɓe a bayan ƙofar falo in baƙi sun zo. Bambancin kawai, yanzu ƙofar da kike laɓewa tana da alƙali a bayanta.

Auta, ki saurare ni. Abin da kike ji ba naki ba ne. Da za ki tsinci wasiƙar wani a hanya, za ki buɗe? Kada ki amsa, na san za ki buɗe. To ki daina. Ki yi shanyar a ɗaya gefen gidan, ko ki riƙa waƙar coci da ƙarfi.

Shirun mijinki kuma, ki gode Allah. Josiah yana magana daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kuma har yau ban ji ya faɗi abin da zan tuna ba.

Ga littattafai biyu na karɓo wurin matar mai kantin magani. Ɗaya na wata ce da ta auri mai gidan gona, ɗayan ma haka. Ki karanta su a hankali, su kai ki kaka.

Yayarki,
Ketura

*

Turr Point
30 ga Agusta, 1909

Yaya Ketura,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na gode da littattafan, kwana uku suka yi mini. Na gwada waƙar cocin, sai na kama kaina ina rera ta da bugun tartsatsin.

Kada ki yi faɗa, ki ji wannan tukuna. Na sami labarin da ya fi duk na matar mai kantin magani.

Akwai wani jirgin fasinja mai rawayan bututun hayaƙi, Glenmarrow, da yake wucewa ta mashigin ruwanmu duk bayan mako uku, tsakanin Liverpool da Montreal. A cikinsa akwai babban kuku da yake son wata mai ɗinkin huluna a Montreal, Odile Lachance. Ban san sunansa ba. Shi yakan sa hannu da harafin A kawai, ita kuma takan aika wa “Babban Kuku, Glenmarrow”. Duk wucewa sai ya aika mata kalma goma, ina jin da ɗan alherin da fasinjoji suke ba shi yake biya. Na farko da na ji: “Hazo kwana uku. Ina ganin fuskarki a tukunyar miya.” Ta amsa: “Daina watsa kuɗi a iska. Ina jiranka Alhamis.” A dawowar jirgin ya ce: “Na sayi zobe. Auna yatsa da zare.” Ita kuma shiru. Yaya, mako uku cif ban sami sukuni ba, sai shekaranjiya ta ce: “Na auna.”

Ga inda za ki yi faɗan. Ranar nan muna saƙa, Dorcas ta ce, “'Yar Birni, in kika sake ba ni labarin mai gidan gonar nan zan ɗinke bakinki a cikin dardumar. Babu sabo?”

Sai na ji bakina ya ce akwai. Na ba ta labarin kukun, kamar daga littafi. Ban faɗi jirgin ba, ban faɗi garin ba. Na sa masa suna Adrian, na mai da shi ɗan masu kuɗi da aka kora daga gida, na ƙara masa tabo a goshi.

Da kin ga Dorcas! Ta ajiye ƙugiyar saƙa. “Fuskarta a tukunyar miya? Kai, wannan ya iya baki. Ni Absalom da zai neme ni, cewa ya yi, Dorcas, kina da ƙarfi, uwata kuma ta tsufa.”

“Kika yarda?”

“Burodinsa ne ya ja ni, yarinya. Namiji ne amma ya fi ni iya murhu. To shi wannan Adrian ɗin, yana da mata a wani wuri?”

Na ce littafin bai faɗa ba.

“To me yake jira? Ya aure ta mana! Da ni ce Odile, da na bi shi har cikin jirgin da tsintsiya. Babi nawa ya rage?”

Na ce ina karantawa ne a hankali. Ta ce ni marowaciya ce, har labari sai na auna mata da cokali. Yanzu duk inda ta hango ni, ko tana kan rumfa hannu duk gishiri, sai ta ɗaga murya, “Ya ba ta zoben?” Muka yi dariya har ciki ya yi ciwo. Tun da na bar gida ban yi irinta ba.

Wa na cutar, Yaya? Ba ta san su ba, ba za ta taɓa ganinsu ba.

Hedley lafiya lau, sai rama. Abokin aikinsa ya yi rashin lafiya an mai da shi gida, har yanzu ba a turo wani ba, shi kaɗai yake riƙe da tashar. Wani lokaci in na kai masa shayi nakan tsaya a bayansa ina kallon wuyansa, ina jin abin da yatsunsa suke faɗa wa baƙi. A haka ne na fi kusa da shi.

Ki sumbaci yara.

Taki,
Selina

*

Turr Point
5 ga Oktoba, 1909

Yaya,

Ina gaishe ku.

Jiya Glenmarrow ya wuce da hantsi, ya nufi Montreal. Ina waje, da gangan. Na fara jin na Odile, Hedley yana buga wa jirgin: “Limamin coci ya sa ranar aure, ashirin da bakwai ga Nuwamba. Yana son cikakken suna, garin haihuwa, ko ka taɓa aure.” Har na yi tsalle, na ce yau Dorcas za ta sha biki.

Bayan kamar rabin sa'a aka fara bugo amsar zuwa tashar gaba. Ga ta, ba zan manta ko harafi ba: “Absalom Cull. Turr Point, Labrador. Na taɓa aure, matata ta rasu bara. Babu 'ya'ya.”

Yaya, da ya kai kan sunan garinmu hannun Hedley ya tsaya. Na ji tsayawar. Wata goma sha huɗu ina jin bugunsa, bai taɓa tsayawa a tsakiyar saƙo ba. Na ƙirga numfashina, shida. Sannan ya ci gaba, ya kai ƙarshe, babu kuskure ko ɗaya.

Na juya na dubi ƙasa. Dorcas tana kan rumfa tana juya kifi, ƙaramar 'yarta tana riƙe da gefen siket ɗinta. Maganar ta bi ta kan rufinta da ƙarar da ta tashi tsuntsaye, ita kuwa ta miƙe ta ɗaga wa jirgin ƙyallen gabanta, kamar yadda take yi wa kowane jirgi. Absalom yana ciki. Tun bazara yake wucewa ta ƙofar gidansa, zai iya ganin hayaƙin murhunta daga tagar kicin.

Da azahar ta hauro da burodi mai zafi da ɗan kwanon maɗi, don na ba ta aron allura. Hedley yana tebur. Ya miƙe tsaye ya ce, “Na gode, Misis Cull.” Ta ce, “Zauna, Malam Mai Waya, ba gwamna ba ne ya shigo. Yau me iskar ta ce?” Ya ce, “Za a yi sanyi.” Bayan ta fita ya zauna yana kallon burodin. Ni ma ina kallonsa. Ya sani, na sani, bai san na sani ba. Muka zauna mu biyu a tebur ɗaya har burodin ya huce.

Akwai abin da ya fi wannan. Ƙaninta da ke Bonne Bay ya aiko mata ta kwaso yara ta yi hunturu a wurinsa, don kifin bana bai yi auki ba, garin alkamar da ke gidanta ba zai kai Fabrairu ba. Ta ƙi. Ta ce Absalom ya yi alkawari a wasiƙarsa ta bara cewa bana zai sauka a jirgin wasiƙu na ƙarshe, ba za ta bari ya tarar da gida a kulle ba. Jirgin ƙarshe zai zo sha ɗaya ga Nuwamba. In ya tafi, ƙanƙara za ta rufe mu sai Yuni.

In na yi shiru, za ta tsaya a bakin ruwa ta ga bai sauko ba, ta ga jirgin ya tafi babu ita. In na faɗa, babu wanda zai yi tambaya sau biyu daga ina maganar ta fito, kuma lasin Hedley ya tafi.

Ni ce na sa ta yi wa Odile addu'a, Yaya. Da bakinta ta ce Allah ya sa su yi aure.

Ki gaya mini abin da zan yi.

Selina

*

Harbour Grace
19 ga Oktoba, 1909

Ƙanwata,

Ba zan ce na gaya miki ba. Na karanta wasiƙarki a tsaye, sai da na nemi kujera.

Allah ya isar wa matar nan. Da Absalom Cull yana gabana da ya san nauyin dutsen guga. Amma kin tambaye ni, ga amsata: ki kama bakinki.

Ki tuna Hedley ya yi shekara shida yana kai takardun tangaraho, wato saƙon waya, da ƙafa kafin ya zauna a kujerar nan. Na sa Josiah ya yi tambaya da dabara wurin wani da ya san doka. In aka kama ma'aikaci da fitar da saƙo, ba kora kawai ba ce, babu tashar da za ta sake ɗaukarsa, wataƙila har da kotu. Ba wanda zai yarda cewa matarsa ta koyi abin da cokali. Za a ce shi ya faɗa miki a kan filo. Uwarsa kuma da albashinsa take ci.

Na yi tunanin ki rubuta wa mai hulunan ba tare da suna ba, sai na ga hatimin gidan waya zai tona ki. Wa ya san adireshinta a Turr Point in ba tashar ba?

Ki lallashi Dorcas ta tafi wurin ƙaninta da wata hujja. Ki ce kin yi mafarki, ki ce komai. Ke da kika iya ƙirƙiro ɗan masu kuɗi mai tabo a goshi, wannan ba zai gagare ki ba. In ta ƙi, ki raba garinki da ita. Gaskiyar za ta iske ta wata rana, ba dole ta bakinki ba.

Na san za ki ce zuciyata ta bushe. Ita ƙawarki ce, ke kuma ƙanwata ce, shi ke nan.

Allah ya tsare ki.
Ketura

*

Turr Point
4 ga Nuwamba, 1909

Yaya Ketura,

Gaisuwa. Wannan za ta tafi ne a jirgin ƙarshe, amsarki ba za ta same ni ba sai karnuka masu jan kaya a kan ƙanƙara sun kawo wasiƙun hunturu.

Na bi shawararki. Na ce na yi mafarki na ga gidanta cikin dusar ƙanƙara babu hayaƙi. Ta yi dariya ta ce, “Kin ci wake da yawa ne, 'Yar Birni.” Na ce to ta bar wa Absalom saƙo a wurinmu, in ya zo ya bi ta. Ta ce, “Mutum ya yi shekara biyu a gaban wutar kwal, ya dawo a miƙa masa takarda? Ke ba ki san aure ba tukuna.” Ta fara saƙa masa safa mai kauri. Ta tambaye ni ko ja ya yi wa namiji yawa.

Sannan ta tambayi ƙarshen labarin. Mako huɗu ina kauce mata. Na ce shafukan ƙarshe sun yage. Ta dube ni ta ce, “To ki ƙirƙira mana, ai ke ce mai ilimi. Ki aurar mini da su, in ji daɗi.” Na ce kaina yana ciwo, na tashi. Ban koma ba tun ranar. Jiya ta hauro ta ƙwanƙwasa, na zauna a bayan ƙofa ban motsa ba, har na ji takunta ya yi nisa. Mutum ɗaya nake da shi a garin nan, ita nake ɓoye wa.

Ranar Lahadi bayan abincin rana na gaya wa Hedley. Ban yi dogon bayani ba. Na ɗauki cokali na buga masa saƙon a kan tebur, daga Absalom Cull har zuwa babu 'ya'ya, na kuma tsaya a inda ya tsaya. Ya ce, “Tun yaushe?” Na ce tun Yuni. Ya ce, “Duka?” Na ce duka. Ya tashi ya fita ba hula.

Kwana huɗu ke nan a ɗakin aiki yake cin abinci. Ya rufe tagogin duk da hayaƙin da ke sa shi tari. Har yanzu ina ji, Yaya. Ba a iya daina jinsa.

Ki gaishe da Mama. Kada ki gaya mata komai.

Selina

*

Ɗakin aiki
9 ga Nuwamba

Selina matata,

Ina fatan kin tashi lafiya. Na rubuta ne don na fi iya magana da hannu. Kin riga kin san haka fiye da yadda na zata.

Na yi fushi kwana biyu. Sauran kwanakin kunya nake ji. Na kawo ki inda babu kowa, na bar ki da bango huɗu da littattafai goma sha ɗaya, har kika nemi hira a cikin hayaniyar injina. Na kuma lura kin tsaya daidai inda na tsaya. Babu ma'aikacin da na sani da zai kama wannan a wata biyar.

Ina so ki san dalilina. Mutanen da suke ba ni maganarsu ba su san fuskata ba. Matar da ke gaya wa mijinta likita ya ga wani abu, kyaftin da ke shaida wa masu jirgi ya yi kuskure, sun yarda ne cewa ni bututu ne, abu ya shiga ya fita. Ranar da na fara zaɓen wanda ya cancanci a rufa masa asiri, na zama alƙali, kuma ba wanda ya naɗa ni. Wannan aiki sabo ne. Mutane da yawa har yanzu suna tsoron sa maganarsu a iska. In suka daina yarda da mu, za a cire wayar daga jirage, ranar da wani zai nutse kuma ba mai jinsa.

Na yi imani da wannan duka. Duk da haka ban iya cin burodin Dorcas ba.

Na tambayi babban ofis, ba tare da suna ba, ko akwai hanya in saƙo ya nuna za a yi aure a kan ƙarya. Amsarsu ta zo ranar Asabar, wataƙila kin ji ni ina maimaita ta: saƙo mallakin mai aikawa ne da wanda aka aika wa.

Ni ba zan faɗa mata ba. Na rantse. Ke ba ki rantse ba, kuma ba zan sa ki rantse yanzu ba. Amma kada in ruɗe ki. In kin faɗa, za ta nemi limamin cocin nan, shi zai tambayi yadda ta sani, mai bincike zai zo a jirgin farko na Yuni. In ya tambaye ni ba zan yi ƙarya ba, ba kuma zan ce laifinki ne ba. Littafin aikina ne, tagata ce. Za su karɓi lasin. Ban san wani aiki ba. Wataƙila Josiah zai koya mini sana'arsa ta haɗa gangar zuba kifi.

An bugo cewa jirgin wasiƙu ya baro Battle Harbour, zai iso jibi da safe. Wannan ba asiri ba ne.

Mijinki,
Hedley Rendell

*

10 ga Nuwamba

Hedley,

Barka da aiki. Na karanta sau uku. Na gode da ba ka ruɗe ni ba.

Na so a ce akwai hanyar da ba za ta bi ta kanka ba. Na nema tun Oktoba, ban samu ba. Abin da zan ɗauka yau naka ne, shekara shida da kujerarka, kuma na san ban tambaye ka ba tun farko. Ka yafe mini in za ka iya. In ba yanzu ba, muna da hunturu gaba ɗaya.

Dorcas tana bukatar yini guda ta haɗa kayan yara kafin jirgin ya iso. Abincinka yana bayan murhu, ka ci da zafinsa.

Na sauka gidan Dorcas. Zan gaya mata.

Matarka,
Selina